Abin da ke Cikin Hular Illa

Illa ya ture hularsa baya don ya yi shafar kai, sai ta sulluɓe ta faɗi. Wani ɗan ƙullin leda ya fito daga naɗinta ya kwance a ƙofar masallaci, ƴan ƙwayoyi farare suka watse a kan yashi. Ɗaya ta gangara har gaban takalmin baƙon da ke tsugune da buta kusa da shi.

Sa'adu tela, maƙwabcin Illa da katanga ɗaya ta raba su, yana tsaye yana warware hannun riga. Ya ga abin da ya faɗi, ya kuma ga a gaban wanda ya faɗi. Duk faɗin Matamaye ƙwayar nan ba ta ga wurin tsayawa ba sai gaban Alhaji Lawali na Dungu, baffan Marwan, saurayin da ke neman auren Najaha ɗiyar Illa. Alhaji ya ce wa mutane wani fili ya zo dubawa, amma ko akuyar unguwa ta san bincike ya zo yi, irin wanda ake yi wa gidan da za a ɗauko mace.

Alhaji ya sa yatsu biyu ya ɗauki ƙwayar, ya jujjuya ta, sannan ya dubi Illa.

"Malam Illa, ba ka jin daɗi ne?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ɗan ciwon kai ne."

Muryar ta fito da nauyi-nauyi, idanun kuma a ɗan lumshe, kamar yadda suke zama kullum in ya sha na rana.

"Ciwon kai," in ji Alhaji. "To, mu dai a wajenmu maganin ciwon kai a kwalinsa ake barinsa."

Ya miƙa masa. Illa ya durƙusa yana tsince sauran yana hure masu ƙasa, ladan na tada iƙama, mutane na ratsa shi suna shiga sahu, kowa ya ɗauke kai kamar bai gani ba. Kowa kuwa ya gani.

Sa'adu kaɗai ya san ko mene ne. Shekarun baya, tun Najaha na goye, su biyu suka tafi ci-rani Abuja, Sa'adu da kekensa na ɗinki a ka, Illa a wurin gini. Nan Illa ya faɗo daga bene ya bugu a kai. Ƙashi ya warke, amma abu biyu suka biyo shi gida: farfaɗiya, da wata irin firgita da kan taso masa ba dalili, ƙirji na dukan tara-tara, numfashi na yankewa, ya rantse mutuwa ce ta zo. An sha rubutu, an sha sassaƙe, sai da wani lokotoro, wato likita, a Damagaram ya ɗora shi kan wannan ƴar ƙwaya sannan aka samu lafiya. Sa'adu na zaune lokacin da lokotoron ya ɗaga yatsa ya ce kada a ƙara, kada a rage, kada a ba wani ko da ciwonsu ya yi kama, kada a haɗa shi da wani abu mai sa maye ko barci. Abin da ya fi nanatawa kuma shi ne, ba a barinsa rana ɗaya. In ma za a bari, shi zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan da hannunsa, don jikin da ya saba da shi ba ya yafe a ƙwace masa.

Tun daga ranar Illa ya sa Sa'adu ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Sa'adu ne ke sayo maganin in ya je Damagaram sarin yadi da zare, da takardar lokotoro a aljihu, don kada mai farmasin gari ya sani. Illa kuwa da an kawo sai ya ɓare ƙwayoyin ya ƙona kwalin, ya ƙulle su a leda ya cusa a hula. Da matarsa ta rasu, sai sirrin ya rage tsakanin mutum biyu. Najaha ta girma, ta yi karatu, ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Yauri, ba ta taɓa ganin ubanta ya faɗi ba. Abin da ta sani kawai, Baba na da ciwon kai tun na Abuja, kuma yana da yawan gyangyaɗi.

To, Hausa ta yi rowar kalma a nan, kuma rowar ta ci mutum. Wadda lokotoro ya rubuta, ƙwaya. Wadda samari ke watsawa a baki a bayan tasha su yi ta tangaɗi, ita ma ƙwaya. Kafin a yi sallar magariba magana ta zaga fadodin shayin unguwa, kowa ya tuno abin da ya taɓa gani. Wannan ya ce shi dama ya lura da yadda harshen Illa ke karyewa da rana. Wancan ya ce ya taɓa ganinsa yana barci a zaune a wajen ɗaurin aure. Mutumin da ya shekara yana ba su rake kyauta daga garkarsa, ya wayi gari ɗan ƙwaya. Ba a jima ba saƙo ya zo daga Dungu, a nannaɗe cikin ladabi: a ɗan dakata da maganar sa rana, akwai abin da ake dubawa.

Da hantsi Illa ya shigo shagon Sa'adu, ya zauna kan buhun ƙyallaye. Sa'adu ya tsayar da keke.

"Ka ji saƙon?"

"Na ji."

"To, na bari."

"Ka bar me?"

Illa ya cire hular ya kifa ta a gwiwa, ya buɗe naɗin. Babu komai.

Sa'adu ya miƙe tsaye har almakashi ya faɗi. "Illa, kana cikin hankalinka? Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Inna lillahi! Ba a gabana lokotoron nan ya ce maka ba a yi masa haka ba? Tashi mu je Dungu. Ni zan yi wa Alhaji bayani, in nuna masa takardar lokotoro, ya ga ba shaye-shaye ba ne."

"Ka ce masa me? Ka ce ba ɗan ƙwaya ba ne, mai farfaɗiya ne?" Illa ya yi wata dariya marar daɗi. "Sa'adu, ɗan ƙwaya in ya bari an ce ya tuba. Mai farfaɗiya fa, ya tuba daga me? Cewa za su yi tana cikin jini, za ta haifa masu ita. Ko ƙwaryar da na sha ruwa ba za su ƙara taɓawa ba."

"Ai taka ba gado ba ce, faɗuwa ka yi. Kuma ba a ɗaukarta, lokotoro ya faɗa."

"Lokotoro ne zai aure ta?"

Sa'adu ya san mutanensa. Ya san gidan da aka fasa aure saboda kakar yarinya ta taɓa faɗuwa a kasuwa. Ya koma ya zauna, ya sassauta murya.

"To ji nan. Mu je Damagaram gobe. Mu ce masa yana sa ka barci da rana, ya gyara maka lokacin sha, ko ya sauya maka wani, ko ya fara rage maka a hankali. Ai hanya ba ɗaya ba ce."

"Idon kowa na kaina yanzu. In na hau mota cewa za a yi saro ta na tafi yi. Bari a ɗaura tukuna. Ana shafa fatiha, ka kai ni duk inda kake so."

"In ka kai."

"Shekara nawa ban faɗi ba? Wa ya sani ko na warke tuntuni, muna ta sha a banza?" Ya mayar da hular kansa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Yarinyar nan ba ta da uwa, Sa'adu. Ban taɓa ba ta wani abin kirki ba. Wannan ɗaya take so. Kuma ka tuna ka rantse."

Abin haushi, kwanakin farko sai suka goyi bayan Illa. Idonsa ya buɗe tar, harshe ya saki, ya riga kowa sahun gaba. Masu cewa ɗan ƙwaya suka koma cewa ai Allah ya shirye shi. Har Sa'adu ya fara yi wa kansa ƙarya, yana cewa wataƙila dai an dace.

Daga nan hannu ya fara rawa. Illa ya ɗauki kofin shayi ya zube masa a riga. Gumi ya riƙa karyo masa ko a inuwa. Barci ya ƙaurace masa, da safe sai ka gan shi idanu sun yi zuru-zuru. In babur ya yi ƙara a titi sai ya zabura kamar an tsikare shi. Wata rana Sa'adu ya same shi a zaurensa ya dafe bango, ya kama ƙirji, yana jan numfashi da baki.

"Ta dawo," in ji Illa. "Firgitar. Riƙe ni."

Sa'adu ya riƙe shi har ta lafa, sannan ya zaro sabon kwali daga aljihu, wanda ya sayo tun kafin wannan fitina.

"Don girman Allah."

Illa ya kalli kwalin yadda mai azumi ke kallon randa. Sai ya juya fuska bango.

Babu dabarar da Sa'adu bai juya a ransa ba. Ya yi tunanin daka ƙwayar ya zuba masa a fura, sai tsoro ya kama shi: mutum ya kwana biyu bai sha ba, nawa za a ba shi, ɗaya ko rabi, kuma in barci ya kwashe shi a bakin rijiyar garka bai san ya sha komai ba fa? Wannan aikin masu sani ne, shi kuwa tela ne. Sai ya rufe shago ya tafi asibitin gari, ya sami majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce wani ɗan'uwansa ne a ƙauye ya yi kaza da kaza. Majo ya ajiye abin rubutu.

"Ya daɗe yana sha?"

"Shekaru."

"Kuma ya yanke gaba ɗaya? Kawo shi yau. Ban ce gobe ba. Irin wannan in faɗuwar ta dawo, tana iya zuwa ta ƙi tsayawa."

Sa'adu ya kai wa Illa maganar kamar yadda aka faɗa, bai rage ko wasali ba. Illa ya ce, "Alhaji Lawali ya aiko, ya ce yana jin labari mai daɗi." Iyakar amsar da ya bayar ke nan.

Ran Asabar Najaha ta zo daga Yauri. Ta leƙo shago da ƙullin yadi a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Sa'adu, ina wuni? Ga wannan, ku ɗinka wa Baba babbar riga, amma kada ku faɗa masa. Kun ga yadda ya wartsake kuwa? Jiya har hira muka yi mai tsawo, bai yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. Sai dai ya rame, kuma hannunsa na rawa. Ya ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi."

Saura kaɗan Sa'adu ya faɗa mata. Kalma ɗaya ce, in ya faɗa, yarinyar nan za ta ja ubanta asibiti ko da tsiya. Amma ya san ta, ba ta iya ɓoye abu ba, za ta faɗa wa Marwan, Marwan kuma ɗan gidansu ne. Ya ɗaga kai, sai ga Illa tsaye a ƙofar gidansa can tsallaken kwata, ya zuba masa ido.

"Zazzaɓi ne," in ji Sa'adu. "Ki dai matsa masa ya je asibiti."

"Na yi, ya ƙi. Ai kun san halin abokinku."

Ya karɓi yadin. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar ranar ba.

Daga nan ya daina buɗe shago da safe. In Illa ya saɓa fartanya ya nufi fadama, sai ya bi shi, wai shi ma yana son ya miƙe ƙafa. Illa ya gane, bai hana shi ba. Garkar na can ƙarshen fadama, rake ya yi tsawo ya rufe ta ko'ina. Illa na gyara kwarin ruwa, Sa'adu na zaune kan kunya yana ba shi labarin banza, na masu kawo ɗinki ana gobe Salla.

Yana cikin magana Illa ya miƙe tsaye, ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Wata ƙara ta fita daga bakinsa wadda ba tasa ba, ya sandare, ya faɗi.

Sa'adu ya san abin yi, an koya masa tun da daɗewa. Ya jefar da fartanyar nesa, ya janye shi daga bakin ruwa, ya tura rigarsa ƙarƙashin kansa. Bai danne shi ba, bai sa masa komai a baki ba. Da jijjigar ta sassauta ya juya shi ya kwantar da shi a gefe. A da can, daga nan sai barci, sai a farka da ciwon jiki. Ya zauna yana kiran sunan Allah yana jira.

Illa ya buɗe ido da ƙyar. Leɓensa ya motsa, Sa'adu ya kai kunne.

"Wa ya gani?"

"Babu kowa. Ni kaɗai ne."

Idon ya sake juyewa, jikin ya sake ɗauka, wannan karon ya fi na farko. Kafin ta biyu ta gama sakinsa ta uku ta hau. Sa'adu ya kutsa cikin rake da gudu, ganye na yankar fuskarsa, yana ihu. A bakin hanya ya tare Cha'ibu mai amalanken shanu, ya ce Illa ne ba lafiya, ya juyo da sauri. Shi kuma ya riga shi komawa. Ya durƙusa ya sa hannun rigarsa ya share kumfar da ke bakin abokinsa tas, ya lulluɓe shi da babbar riga har wuya.

"Me ya same shi?" in ji Cha'ibu, yana leƙe daga nesa.

"Zazzaɓi ne ya hau masa kai. Kama ƙafafun."

Shanu ba su san sauri ba. Sa'adu ya rungume kan Illa a cinyarsa, duk lokacin da jikin ya ɗauka sai ya sunkuya ya kare shi da nasa jikin, har suka shiga gari.

Majo na ganinsu ya gane. "Wannan ne ɗan'uwan naka na ƙauye?"

Sa'adu ya zaro kwalin ya miƙa masa, ya faɗi komai, sunan lokotoro da shekarun da ranar da aka bari. Rantsuwa ba ta hau kan mai magani ba, ko ta hau ma, ya riga ya gaji da ita. Aka yi allura, aka sa ruwa, aka ƙara wata allurar. Jikin ya lafa, amma Illa bai farfaɗo ba, numfashinsa na fita da wani gurnani. Majo ya ce sai Damagaram. Aka sa shi a motar asibiti, Sa'adu na gefe yana riƙe da ledar ruwan. Sun wuce Kance da kaɗan ma'aikacin da ke tare da su ya taɓa wuyan Illa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba, sannan ya ƙwanƙwasa wa direba gilashi ya ce ya juya.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Gari ya ce zazzaɓi ne mai hawa kai. Majo bai ce komai ba, aikinsa bai ba shi damar cewa ba.

Ranar addu'ar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Sa'adu na zaune a wurin masu karɓar gaisuwa, don Illa ba shi da ɗan'uwa namiji a gari. Mutanen Dungu suka zo mota guda. Bayan an shafa, Alhaji Lawali ya matso ya zauna gab da shi, ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba.

"Malam Sa'adu, sai haƙuri. Ni ina da shaida a kan mutumin nan. Abin da na gani da idona na gani, ba na ɓoyewa. Amma na sa an bi mini shi, an tabbatar mini tun ranar bai ƙara kai ƙwaya bakinsa ba. Ka ga wanda Allah ke so ke nan, ya bar abin, sannan aka ɗauke shi yana mai tuba. Mu a wajenmu magana ta wanku. In an share makoki, sai ku ba mu rana. Kai ne uban yarinya yanzu."

Na kusa suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Allahu akbar, kyakkyawan ƙarshe."

Sa'adu ya bi su da kallo. Mutumin da ko taba bai taɓa sawa a baki ba, ga shi an binne shi da sunan ɗan ƙwaya, ana ma yi masa murnar tuba. Gaskiyar na bakinsa, ƴar gajeruwa, in ya faɗe ta sunan Illa ya wanku a gaban duk wanda ke kan tabarmar nan. In ya faɗe ta kuma, motar Dungu za ta koma ba ta ƙara dawowa, abin da Illa ya mutu a kansa ya tashi a banza. Ya buɗe baki, ya dubi ƙofar gidan.

"Allah ya jiƙansa," in ji Alhaji. "Allah ya karɓi tubarsa."

"Amin," in ji Sa'adu.

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro goro fari babba, ya kama hannun Sa'adu ya danƙa masa, ya miƙe ya bi mutanensa. Motar ta tashi. Masu gaisuwa suka riƙa raguwa, aka fara naɗe tabarmin gefe, inuwar katanga ta matso har ta rufe ƙafafunsa. Daga cikin gida ana jin muryar Najaha, ta dushe, tana yi wa mata godiya ɗaya bayan ɗaya. Sa'adu na nan zaune inda aka bar shi, hannunsa a dunƙule kan gwiwa, goron ya yi gumi a ciki, bai ɓare shi ba, bai kuma ajiye ba.